Girman Nono ga Namiji: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sawaba akwai samarin da suka daina cire riga a filin ƙwallo. Akwai kuma dattawan da ke saka singileti mai ɗamewa a ƙarƙashin jallabiya ko da ana tsananin zafi. Damuwarsu ɗaya ce: ƙirji ya taso, nono ya fito, kuma kunya ta hana su faɗa wa kowa. Mafi yawan lokaci abin ba mai haɗari ba ne. Sai dai yakan zama jiki ne ke sanar da cewa wani abu ya canja a ciki, kuma sau da yawa abin yana cikin ledar maganin da mutum ke sha kullum. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Me ke sa namiji ya yi nono, alhali ba mace ba ne?

Kowane namiji yana da ɗan tushen nono a bayan kan nononsa, irin wanda mace take da shi, sai dai nasa a kwance yake. Sinadarai biyu ne ke juya shi. Testosteron, wanda maraina ke samarwa, shi ke danne shi. Istirojin, wanda aka fi sani da na mata, shi ke tayar da shi. Jikin namiji ma yana da istirojin kaɗan, kuma mafi yawansa daga testosteron ɗin nan ake juyo shi, musamman a cikin kitse. Muddin na farkon ya rinjayi na biyun, ƙirji zai zauna a shafe. Idan testosteron ya ragu, ko istirojin ya ƙaru, ko wani magani ya tare wa testosteron hanyar aikinsa, sai tushen nan ya fara girma. Likitoci suna kiran wannan yanayi gainekomastiya. Duk abubuwan da za a ambata a ƙasa ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku suke bi.

Ni mai jiki ne. Ta yaya zan gane kitse ne ko nono ne na gaske?

Ka kwanta rigingine, ka sa babban yatsa da manuni a gefe biyu na ƙirjin, ka matso su a hankali zuwa kan nono. In ka ji wani abu mai ɗan tauri, a zagaye, daidai bayan kan nono, kamar ɓarin goro a ƙarƙashin fata, to tsokar nono ce ta girma. Yakan yi zafi in an taɓa, musamman a watannin farko. In kuwa yatsun sun haɗu ba su ci karo da komai ba sai taushi, kitse ne.

Amma kada mai ƙiba ya ce ya tsira. Kitse ba ajiya ce kawai ba, masana'anta ce da ke juya testosteron zuwa istirojin, don haka mai tumbi yana iya haɗa biyun: kitse a sama, tsokar nono a ƙasa. Rage ƙiba yana kawar da na kitsen, kuma yana rage abin da ke ciyar da ɗayan.

Jaririna namiji ne, ga nononsa ya kumbura har da ɗan ruwa fari. Kakarsa ta ce a riƙa matsewa wajen wanka. A matse?

Kada a matse, don Allah. Fiye da rabin jarirai, maza da mata, suna zuwa da wannan kumburi, saboda sinadarin jikin uwa da ya ratsa musu ta mabiyiya. Yana sacewa da kansa cikin 'yan makonni, wani lokaci 'yan watanni. Matsa shi ke sa ya ƙara yin ruwa, ya daɗe bai tafi ba, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga har wurin ya yi ƙurji, a kai ga tsaga jaririn da bai yi arba'in ba.

Iyayenmu mata da ke wankan jarirai ba mugunta suke yi ba, abin da suka gada ne, kuma sun yi imanin taimako ne. Ki gaya wa Kaka cikin ladabi cewa ma'aikatan awo sun ce a bar wurin, a wanke shi kawai kamar sauran jiki. In kika ga ya yi ja, ya ɗau zafi, ko jaririn na zazzaɓi ko ya ƙi kama nono, a ranar za a kai shi asibiti.

Ɗana yana da shekara 13, nono ɗaya ya fito masa, yana kuka da zafi. Wani abu ne ya same shi?

Balaga ce ta same shi, Hajiya. Kusan rabin yara maza suna fuskantar wannan, galibi tsakanin shekara 13 da 14, lokacin da sinadaran jiki ke tashi amma ba su daidaita ba tukuna. Yana iya zama gefe ɗaya, yana iya zama biyu, ɗaya ya fi ɗaya. A mafi yawan yara yana bajewa cikin wata 6 zuwa shekara 2 ba tare da an sha komai ba.

Abin da ya fi ciwon kansa cutar da yaro shi ne bakin mutane. Tsokanar abokai a makarantar boko da ta allo, da dariyar 'yan'uwa a tsakar gida, su ke sa yaro ya fara tafiya a duƙe, ya bar ƙwallo, ya daina wanka in da mutane. Wasu har ɗaure ƙirji suke da tsumma, wasu su danna shi da abu mai zafi, su ƙone fata a banza. Uba ne ya fi dacewa ya zaunar da shi ya ce masa, “Wannan ba komai ba ne, maza da yawa sun yi shi ya wuce.” Kalmar nan daga bakin uba ta fi kowace ƙwaya amfani.

A kai shi likita in ya fito tun kafin alamun balaga, ko yana girma da sauri, ko ya wuce shekara 2 bai ragu ba, ko yaron ya yi tsawo sosai amma marainansa ƙanana ne kuma gemu da murya sun ƙi zuwa.

Mahaifinmu ya haura 60, yanzu ne nasa ya fito. Tsufa ne?

Yana iya zama tsufa. Bayan shekara 50 testosteron yana raguwa sannu a hankali, kitse kuma yana ƙaruwa, shi ya sa abin ya yawaita ga dattawa. Amma kada a yi saurin jingina shi ga shekaru. A wannan lokacin ne Baba yake shan maganin hawan jini, na zuciya, na mafitsara, kuma a wannan lokacin ne cutar hanta da ta ƙoda da sankara suka fi bayyana. Dattijon da nono ya fito masa sabo ya cancanci likita ya taɓa wurin da hannunsa.

Waɗanne magunguna ne ke jawo shi?

Nan ne ya kamata a tsaya sosai, domin magani yana cikin manyan dalilan da ake samu ga manya, kuma shi ne dalilin da ya fi sauƙin gyarawa.

Na gaba-gaba shi ne sipironolakton, wanda aka sani da sunan Aldactone. Ana ba da shi don hawan jini, ciwon zuciya, da kumburin ciki na masu ciwon hanta. A wani babban bincike kan masu ciwon zuciya da aka wallafa a 1999, kusan namiji 1 cikin 10 da suka sha shi ya yi ƙorafin girma ko zafin nono. Yawan abin yana ƙaruwa in an ƙara yawan maganin.

Sai simetidin, tsohon maganin gyambon ciki mai suna Tagamet, wanda mutane kan saya da kansu a kemis su yi ta sha wata da watanni. Akwai ketokonazol na haɗiya, da digokzin na zuciya. Magungunan kumburin furostet (ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) irin su finasteraid suna yi, na sankarar furostet irin su bikalutamaid kuwa sun fi kowanne, domin aikinsu ke nan, tare testosteron. Wasu magungunan taɓin hankali, kamar risperidon da haloperidol, suna jawo shi, har wani lokaci da ɗigar ruwa. Haka metokulofiramaid na amai in an daɗe ana sha, da isoniyazid na tarin fuka. Ifabirenz, ɗaya daga cikin magungunan cutar ƙanjamau da aka daɗe ana bayarwa a ƙasar nan kafin a koma ga dolutegirabir, shi ma sananne ne a wannan fanni.

Akwai wata hanya da ba a cika tunawa da ita ba: man shafawa. In uwargida tana amfani da wani mai ko kirim mai ɗauke da istirojin, yana iya shiga jikin miji ko yaro ta fata. An kuma ba da rahoton wasu ƙananan yara a Amurka a 2007 da nono ya fito musu bayan yawan shafa kayan da ke da man labanda da man wani itace da ake kira tea tree, ya kuma baje da aka daina.

To in daina shan maganin nawa ke nan?

A'a. Wannan ita ce amsar da nake so kowa ya riƙe da kyau. Mai ciwon zuciya da ya ajiye maganinsa don kunyar ƙirji yana iya kwana a gadon asibiti cikin mako. Mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka da ya tsallake kwanaki yana koya wa cutar yadda za ta bijire wa magani. Mai taɓin hankali kuma ciwonsa na iya dawowa. Koma wurin wanda ya rubuta maka, ka ce masa, “Tun da na fara wannan ƙirjina ya canja.” Da yawansu suna da madadi, ko a rage yawansu. Likita ba zai yi dariya ba, ya sha gani.

Ina ɗaga ƙarfe, abokai sun ba ni allurar ƙara tsoka. Ita ce?

Ita ce, ƙanena, kuma ka fi kowa sani. Allurai da ƙwayoyi irin su Sustanon da Dianabol da Deca-Durabolin suna cika jini da testosteron ko danginsa fiye da abin da jiki ke buƙata. Jiki sai ya juya rarar zuwa istirojin. Kai kana neman faffaɗan ƙirji, sinadarin yana gina nono a ƙarƙashinsa. Ba a nan ya tsaya ba: maraina in sun ga jini ya cika sai su daina aiki, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu. Ranar da ka daina allurar sai a wayi gari babu na waje, babu na ciki, nonon ya samu fili.

Na san matsin da ke kan samarin da ke neman aikin gadi ko tsaron taro, inda girman dantse ke kawo abinci. Amma wanda ya sayar maka da allurar a ɗakin motsa jiki ba zai raka ka wurin tiyata ba, ba kuma zai tsaya maka ranar da aka shekara 5 da aure babu haihuwa ba. Wasu garin ƙara tsoka da ake sayarwa babu lambar Hukumar Abinci da Magunguna ma ana cakuɗa su da irin waɗannan sinadarai. Kuma ɗaga ƙarfe ba ya narkar da tsokar nono in ta riga ta kafu, sai ma tsokar ƙirji ta turo ta waje ta ƙara fitowa.

Tiramol da wiwi da giya fa?

Tiramol da kodin da danginsu suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, sai testosteron ya faɗi. Kowa ya tuna hayaniyar da aka yi a Gana a 2018, lokacin da aka ga ƙwayoyin tiramol masu ƙarfin miligiram 120 da 225 suna yawo a hannun samari, alhali 50 da 100 ne aka amince da su a asibiti. Abin takaici, da yawa sun fara sha ne don ƙarfin aiki ko daɗewa wurin iyali, kuma abin da yake kashewa a ƙarshe ke nan.

Giya tana cutarwa ta hanya biyu: tana raunana maraina kai tsaye, tana kuma lalata hanta. A nan sai a faɗi gaskiya. Akwai wanda ba zai taɓa kwalbar giya ba, amma yana shan bitas da sunan maganin basir ko na ƙarfin maza, alhali da yawansu a cikin barasa aka jiƙa su. Wiwi ma yana cikin abubuwan da likitoci ke tambaya a kai, ko da yake hujjar da ke kansa ba ta kai ta giya da allurar tsoka ƙarfi ba.

Ba na shan komai. Wace cuta ce za ta iya ɓoyewa a bayansa?

Hanta ce farkon abin dubawa a wurinmu. Ita ke tace sinadaran jiki, in ta tsuke ta yi tabo sai ma'auninsu ya karkata. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Gana, kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da shi, da yawa ba su sani ba. Sai a 2002 aka shigar da rigakafinsa cikin allurar jarirai, don haka duk wanda aka haifa kafin nan kuma bai taɓa gwaji ba, ya je ya yi. In girman nono ya haɗu da kumburin ciki, ko idanu rawaya, ko ƙafa mai kumbura, ba a jira.

Ciwon ƙoda mai tsanani yana rage testosteron, kuma ana ganin girman nono sosai ga masu wankin ƙoda. Halittar da ke gaban wuya mai suna tayirod in ta yi aiki fiye da kima ita ma tana kawo shi, tare da rama, bugun zuciya, rawar hannu da yawan gumi.

Sai maraina kansu. Hangum in ya kama wanda ya balaga yakan sauka maraina ya ƙanƙantar da su. Haka bugu mai tsanani, ko murɗewa, ko marainan da ba su sauko ba tun haihuwa. Akwai ciwon Kilainfelta, wanda ake haihuwar namiji kusan 1 cikin 600 da shi, yana da ƙarin ƙwayar gado ta X. Da yawa ba sa ganewa sai sun je neman haihuwa. Mafi muhimmanci, wasu ƙulluttukan maraina suna fitar da sinadarin da ke tayar da nono, kuma samari suka fi kamawa. Shi ya sa likita zai ce ka sauke wando alhali ƙirji ka kawo. Ka bari ya duba. Sankarar maraina tana cikin waɗanda suka fi jin magani in an kama da wuri.

Wanda ya rame sosai saboda doguwar jinya ko yunwa, in ya fara murmurewa, shi ma nono kan fito masa na ɗan lokaci. An fara lura da haka sosai ga fursunonin yaƙi da aka sako a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Kuma akwai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu abin da za a yi duk gwaji a ga lafiyarsu ƙalau.

An ce kajin gona da madarar waken suya ne ke jawo shi.

Saurin girman kajin gona daga irinsu ne da abincin da ake ba su, ba daga sinadarin da ke tayar da nono ba. Waken suya kuwa, cin sa daidai misali, awara ce ko madara, bai nuna yana rage testosteron ba a binciken da aka tattara. Abin da ya fi dacewa a sa wa ido a faranti shi ne yawan mai da sukari da lemon kwalba da ke tara tumbi.

Ba sammu ba ne? An ce wata ce ta yi mini.

Addu'a ba ta da lokacin da ba a yinta, kuma babu mai hana ka zuwa wurin malaminka. Amma ka haɗa da gwajin jini. Zargin matar gida ko tsohuwar budurwa ya raba zumunci da yawa, alhali hanta ce ke ciwo a ɓoye. Tsotso ko wasa tsakanin ma'aurata ma ba ya sa nonon namiji girma.

Zai iya zama sankara?

Namiji yana kamuwa da sankarar nono, amma ba kasafai ba: kusan 1 cikin 100 na masu cutar maza ne, galibi waɗanda suka haura 60. Kamanninta daban ne. Ƙullutun yakan zama gefe ɗaya, mai tauri sosai, ba ya motsi, sau da yawa ba ya zafi, kuma ba lallai ya zauna daidai bayan kan nono ba. Kan nono na iya lotsawa ciki, ko ya fitar da jini, fata ta tattare ko ta yi gyambo, ko a ji kaluluwa a hammata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi asibiti a makon nan. Haɗarin ya fi ga masu ciwon Kilainfelta da waɗanda mahaifiya ko 'yan'uwa mata suka yi sankarar nono ko ta ƙwan mahaifa. Maza sukan zo a makare, don ba su taɓa jin cewa cutar na kama su ba, kuma rashin zafin yana ruɗinsu.

Zai hana ni haihuwa?

Nonon kansa ba ya hana haihuwa, ba ya kuma rage mazakuta. Abin da ya haddasa shi ne kan iya. In akwai raguwar sha'awa, raunin gaba, ko an daɗe ba a samu rabo ba, ka faɗa wa likita tare, kada a bar uwargida ita kaɗai tana zaryar asibiti.

In na je asibiti me za a yi mini, kuma yana warkewa?

Fara da asibitin da ya fi kusa, kamar na Manhyia ko na Tafo; in da buƙata za su tura ka Komfo Anokye. Ka tafi da duk abin da kake sha a leda ɗaya: na likita, na kemis, na gargajiya, garin ɗakin motsa jiki, har kwalbar da ba ka so a gani. Za a tambaye ka yaushe ya fara, a taɓa ƙirji da ciki da wuya da maraina. Ana iya gwada jini don hanta, ƙoda, tayirod da sinadaran maza, a yi hoton sikan na nono ko maraina, a ɗebi ɗan nama in ƙullutun ya ba da shakka.

Lokaci yana da muhimmanci. A watannin farko, sa'ad da wurin ke zafi, tsokar tana iya komawa in an cire dalilin, kuma akwai ƙwaya mai suna tamoksifen da likita kan rubuta na 'yan watanni ga wanda zafin ya dame shi. Ba abin saye da kai ba ne. In ya kai kamar shekara, tsokar takan taurare ta zama tabo, daga nan babu ƙwaya ko man shafawa ko jiƙo da zai narkar da ita, duk abin da masu talla a mota da Facebook da TikTok za su faɗa.

Abin da ya rage a lokacin shi ne tiyata, ga wanda yake so. Ana tsagawa a gefen da'irar kan nono a cire tsokar, wani lokaci a zuƙe kitse. Akwai likitocin gyaran jiki a Komfo Anokye, akwai kuma cibiyarsu a Korle Bu da ke Akara. Inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan tiyatar da aka ɗauka ta kwalliya ce, don haka ka tambayi kuɗin tun kafin a sa rana. Maganin sankarar nono kuwa yana cikin abin da take ɗauka. Yaro mai tasowa ana jira balagarsa ta kammala kafin a yi maganar wuƙa, mai allurar tsoka kuma sai ya daina, in ba haka ba nonon na iya dawowa bayan aikin.